Baƙin keken ɗinki na ƙafa don babban hutu: yadda ake zaɓensa a Yamai da abin da zai iya yi wa yaro a gida

Daga kammala jarrabawar BEPC (ta ƙarshen ƙaramar sakandare) da ta BAC (ta ƙarshen babbar sakandare) har a koma makaranta a watan Oktoba, kusan wata uku yara suke yi a gida. Wasu ana tura su ƙauye wajen kakanni, amma yawancin gidajen Yamai a nan ake cinye hutun, cikin damina, ga ruwa ga laka ga sauro, ga wuta tana zuwa tana tafiya. Makarantar allo tana ɗaukar safiya ko yamma, darussan hutu suna ɗaukar wasu awoyi ga wanda aka biya wa, sauran yinin kuwa waya ce da talabijin. Ga iyayen da suke neman abu guda da za su saya ya riƙe yaro a gida, ya kuma bar masa sana'a a hannu bayan hutu, abin da muka fi yarda da shi shi ne baƙin keken ɗinki na ƙafa, irin wanda har yau ake gani a shagunan telolin unguwa daga Bukoki har Harobanda. Yana da aibobinsa, kuma ana iya sayen marar kyau cikin sauƙi, shi ya sa bayanin zai ɗan yi tsawo.

Sunan da ya fi yawa a kasuwa shi ne Butterfly, na ƙasar Sin, sau da yawa da lamba JA2-1 ko JA2-2 a jikin kwali ko takardarsa. Akwai wasu sunaye barkatai masu zanen ruwan zinariya iri ɗaya. Dukkansu tsari guda suka kwaikwaya, na keken Singer samfuri na 15 da aka fara ƙerawa a ƙarshen ƙarni na 19, wanda masana'antun Japan suka yi ta kwafa bayan yaƙin duniya na biyu, na Sin da Indiya ma suka ɗauka. Amfanin wannan tarihi ga mai saye shi ne kayan gyara. Allura, kwarkwaro (wanda ake naɗa zaren ƙasa a kansa), ƙoshiya (gidan da kwarkwaro ke shiga), igiyar fata (mai haɗa wilin ƙasa da na sama), faifan allura (fallen ƙarfe mai ramin da allura ke shiga), galibi na wannan suna shiga wancan, kuma babu mai gyaran keke a Yamai da bai san cikinsa ba. Kan keken na zubin ƙarfe ne, nauyinsa wajen kilo 10 ko fiye, babu giyar roba a ciki da za ta tsage.

Ba ya neman wuta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Kowa ya tuna yadda aka yi daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take turo wa Nijar, ba a maido shi ba sai Maris na 2024. Ko a shekarar da babu irin wannan, da hadari ya haɗo iska ta taso, wuta takan tafi. Yaron da ya zauna da niyyar ɗinki ya tarar babu wuta sau biyu sau uku, ranar huɗu ba zai zauna ba. Na ƙafa kuma yana da wata fa'ida ga ɗan koyo: gudunsa a ƙafarsa yake, in ya tsorata ya tsaya, keken ya tsaya. Ana iya ɗaura masa ƙaramin injin lantarki a gefen wilin hannu, wato wilin da ke jikin kan keken ta dama, amma kada a yi haka a hutun farko.

Ƙananan kekunan roba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, masu batir huɗu ko ƙaramar caja, ba mu ba da shawarar a saye su don wannan aiki. Suna ɗinka atamfa ninki biyu, da an kai wajen kalmasa mai ninki huɗu sai su tsaya suna kuka. Na riƙewa a hannu kuwa zare ɗaya suke amfani da shi, ɗinkin sarƙa ne, in aka ja bakinsa sai ya warware gaba ɗaya. Arahar tasu ta kwana kaɗan ce.

Sabo ko na hannu

A Babbar Kasuwa ake samun sabo cikin kwali, kai daban, tebur daban, ƙafafun ƙarfe daban, sai an haɗa. Na hannu kuwa a wajen masu gyara ake nema, ko wajen telan da ya koma keken masana'anta ya jingine tsohon, wani lokaci a kasuwar Katako. Ra'ayinmu a nan a fili yake: tsohon kai mai lafiya ya fi yawancin sababbin da ake kawowa yanzu, domin ƙarfensa ya goge ya zauna, kuma in da yana da lahani daga masana'anta da tuni ya bayyana. Sai dai tsoho yana buƙatar ido. Wanda bai san keke ba ya nemi tela ya raka shi, ya biya shi kuɗin shayinsa da na abin hawa, ya fi masa sauƙi a kan asarar keke guda.

Ko sabo ko tsoho, kada a biya sai an gwada shi da zare da yadi. A je da ƙyallen atamfa, da na kaki ko tsohon wandon jins, da wani mai laushi irin na kallabi. A fara da juya wilin hannu zuwa wajen mai zama, ba tare da igiya ba. Ya kamata ya zagaya sumul, nauyinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. In akwai wurin da yake cijewa a kowane zagaye, ko dai wani ƙarfe ya lanƙwashe a ciki ko kuma an haɗa shi a karkace, a bar shi. Sannan a kama sandar allura da yatsu biyu a girgiza ta gefe da gefe. Motsi kaɗan sama da ƙasa ba komai, amma in tana rawa gefe, ramin da take bi ya cinye, keken zai riƙa tsallake ɗinki kuma gyaransa ba ya daɗewa. A saukar da allura a hankali a ga ko tsakiyar ramin faifai take shiga. A shafa bakin ramin da farce: in akwai kaushi, allurai sun sha karyewa a wurin, kuma wannan kaushin shi zai riƙa tsinka zare. Faifai ba shi da tsada, ana sakewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ƙugiyar da ke kai da komo a ƙasa tana ɗauko zare. A kwantar da kan keken baya, a buɗe zoben da ke riƙe ta, a ciro ta, a duba tsininta. Dole ya kasance da kaifi, babu gibi babu tsatsa.

Bayan haka a ɗinka layi mai tsawon hannu a kowane ƙyalle, a ninka jins ɗin sau huɗu a bi ta kansa. A juya a duba baya. Ɗinki mai kyau gabansa da bayansa kamanninsu ɗaya, ƙullin zaren biyu yana ɓoye a tsakiyar yadi. A gwada sandar tsawon ɗinki da ke gaban ginshiƙin keken, a ga ko ɗinkin yana ƙaruwa yana raguwa da gaske. A wasu, in an ɗaga sandar sama keken yana ɗinki da baya, wasu kuma ba sa yi. Mai baya ya fi wa yaro, don da shi ake ƙulle farkon ɗinki da ƙarshensa. In babu, sai a bar allura cikin yadi, a ɗaga ƙafar danni, wato ɗan ƙarfen da ke danne yadi, a juya yadin a maimaita ɗinki uku ko huɗu.

Inda sababbi suka fi ba da kunya shi ne tebur. Da yawa ba katako ba ne, garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. A rani yana da kyau. Da danshin Agusta ya shige shi sai ya kumbura ta gefe, sukurorin da ke riƙe maratayan kan keken su saki, kai ya fara rawa. A duba gefen ramin da kan yake zama, nan ne ba a lulluɓe ba, za a ga ko mene ne. In na garin katako ne kuma babu zaɓi, a shafe duk gefunan da ba a rufe ba da banis sau biyu kafin a haɗa, ko a ba kafinta ya yanka wani da katako na gaske a kan awon tsohon. Ƙafafun ma iri biyu ne: na zubin ƙarfe masu nauyi, da na bututu ko falle masu sauƙi. Masu nauyin sun fi, ba sa tafiya a kan daɓe in yaro ya sa ƙarfi. Amma a duba tsagewa, domin zubin ƙarfe in ya tsage walda ba ta cika riƙe shi ba.

Kada a ƙarar da kuɗin duka a kan keken. Ranar da aka saye shi a haɗo da fakitin allura lamba 14 guda biyu da lamba 16 guda ɗaya, kwarkwaro biyar ko shida, ƙoshiya ɗaya ta ajiya, igiyar fata ɗaya ta ajiya, ƙaramar robar da ke naɗa zare a kwarkwaro, kwalbar man keke, zare fari da baƙi da wasu launuka biyu, tef na awo, alli, allurai masu kai na kama yadi, da almakashi mai kyau wanda za a hana kowa yanka takarda ko kifi da shi. In za a sayo ƙoshiya a tafi da ta jikin keken, domin ɗan ƙahon da ke samanta a wasu dama yake karkata a wasu hagu, kuma ba sa shiga wa juna. Haka allura: ta wannan keke gindinta yana da gefe guda shafaffe, a fakiti ana rubuta HAx1 ko 130/705H. Ta keken masana'anta, mai lamba DBx1, gindinta zagayayye ne siriri. Masu kanti sukan miƙo kowace, sai an kula.

Wurin ajiya a damina

A sa shi inda haske ke shigowa ta hagu ko ta gaba, kusa da ƙofa ko taga amma ba inda feshin ruwa ke kaiwa ba. Iskar da ke riga ruwa isowa a Yamai ƙura take ɗaukowa, ƙura kuwa in ta haɗu da mai sai ta zama abin da ke cin ƙarfe, don haka a rufe keken da zane duk lokacin da aka tashi. Zane, ba leda ba: leda tana tara gumi a ciki, tsatsa ta fito a faifai da sandar allura cikin kwanaki. In ɗakin ƙasa ne ko daɓen yana jiƙa, a sa katako ƙarƙashin ƙafafun. Mutanen unguwannin bakin kogi da suka ga ambaliyar 2020 da ta 2024, wadda ta sa aka ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba, su san cewa kan keken yana cirowa: sukurori biyu ne a maratayan baya, a sassauta su a ɗaga kan a ɗora a sama. In ruwa ya riga ya taɓa shi, a wanke da kananzir tun ranar, a busar, a zuba mai, kada a jira sai mako.

Igiyar fata ita ma tana jin damina. Kaurinta wajen milimita 5 ne, takan zo da tsawon da ya kai santimita 180, a yanka daidai keken a haɗa bakin da ƴar ƙugiyar ƙarfe. Sabuwa tana miƙewa a makonnin farko, danshi yana ƙara mata. Alamar ita ce ƙafa tana aiki, babban wilin da ke ƙarƙashin tebur yana juyawa, allura kuwa tana tsayawa da an kai wuri mai kauri. A buɗe ƙugiyar, a yanke santimita 1 kacal, a huda sabon rami da ƙusa, a mayar. Kada a yanke da yawa. Igiya mai tsauri tana sa keke nauyi, yaro ya gaji da wuri, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa.

Mai kuwa, man keken ɗinki kawai, farin nan mai ruwa-ruwa. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa su zama ƙaro, man inji ya yi kauri. Keken da aka ce ya mutu sau da yawa man girki ne ya kama shi, kananzir ne maganinsa. Ɗigo ɗaya a kowane ramin da ke saman kai, ɗigo ɗaya a duk inda ƙarfe ke goga ƙarfe a ƙasa, sau ɗaya a mako. Hanyar da ƙugiya ke bi kuma ɗigo ɗaya duk ranar da aka yi aiki sosai. Kada a manta da mahaɗan feda da na babban wili. Bayan zuba mai a ɗinka a tsumma tukuna, kada farin yadi ya kwashe.

Yadda za a raba watannin

Ma'aunin ko yaro ya isa ba shekaru ba ne, ƙafa ce: ya zauna a kujera tafinsa biyu su kwanta a kan feda ba tare da ya zamo gaba ba. Yawanci daga shekara goma zuwa sha biyu ake samun haka. Mace ko namiji duk ɗaya, mafi yawan telolin kasuwa ma maza ne. Awa ɗaya zuwa biyu a rana ta isa, da hantsi, lokacin da haske yake da kyau.

Makon farko babu zare babu allura. A tsakiyar wilin hannu akwai babban sukuru mai faɗi, in an sassauta shi wili yana juyawa allura ba ta motsi. A haka yaro zai koyi taka feda: ƙafa ɗaya gaba kaɗan ɗaya baya, ya tayar da wilin da hannun dama zuwa wajensa, ƙafa ta karɓa. Abin da ake nema shi ne ya iya tashi, ya tsaya, ya sake tashi ba tare da wilin ya koma baya ba. Kamar daka ne, sai jiki ya kama bugun, bayani ba ya koya shi. Iyaye sukan ga wannan makon ɓata lokaci ne su tsallake shi, kuma daga nan ne yawancin ɓacin rai yake farawa, domin wili in ya koma baya da zare a jiki, zaren sama yana naɗewa a ƙugiya ya cushe ya tsinke, yaro ya ɗauka keken ne ba shi da kyau ko shi ne ba zai iya ba.

Mako na biyu a sa tsohuwar allura, har yanzu babu zare, a ba shi shafukan littattafan rubutun bara ya bi layukan. Daga layi miƙaƙƙe sai kusurwa, sai da'ira da aka zana da bakin kofi. Ramukan da allura ta bari su ne shaida. A nan ake koya masa abu biyu da za su bi shi har girma: ido a gefen ƙafar danni yake, ba a kan allura ba, kuma hannu jagora yake yi, ba ja ba. Haƙoran da ke ƙarƙashi su ke tafiyar da yadi. Mai ja yana lanƙwasa allura ta bugi faifai ta karye, tsinin ya yi tsalle. Allurar da ta bi takarda ta dakushe, kada a mayar da ita kan yadi.

Sai zare. Allura tana shiga har ta tokare a sama, shafaffen gefenta yana duban dama wajen wili, doguwar kwarinta tana duban hagu, zare ya shiga daga hagu zuwa dama. Haka yake a Butterfly da ire-irensa. Wasu tsofaffin Singer akasin haka suke, a tambayi mai gyara tun wajen saye. Ana zura zaren sama ƙafar danni tana ɗage, domin a lokacin ne faifai biyun da ke matse zare suke buɗe, zaren ya shiga tsakaninsu. In an zura tana ƙasa, zaren a bakin faifan yake tsayawa, babu abin da ya riƙe shi. Daga nan ya bi ƴar wayar da ke rawa, ya hau ramin hannun da ke sama da ƙasa, ya sauko ta ƙugiyoyi zuwa allura. Ƙoshiya kuma a tura ta har a ji ta ce ƙas, ƙahonta ya zauna a gurbinsa. A ciro zaren ƙasa da juyi ɗaya na wili, a ja duka biyun baya kamar santimita 10, a danne su da yatsa a ɗinki uku na farko.

Mafi yawan ƙorafin da ake kai wa masu gyara a wannan mataki ba lalacewa ba ce. In zare ya taru cunkus a bayan yadi, laifin na sama ne, ko da yake a ƙasa ake ganinsa: ko bai shiga tsakanin faifan ba, ko ya fita daga hannun da ke ɗaga shi, ko an manta ba a sauke ƙafar danni ba. A zare shi gaba ɗaya a sake zurawa kafin a taɓa kowane sukuru. In zaren ƙasa yana leƙowa a sama yadi yana tattarewa, na sama ya yi tsauri, a sassauta matsin da rabin juyi a gwada. In ɗinki yana tsallake, allura ce sau tara cikin goma a ganinmu: an juya ta, ko ba ta kai sama ba, ko ta lanƙwashe. A kwantar da shafaffen gefenta a kan madubi za a ga lanƙwasar. In zaren sama yana tsinkewa a kai a kai, a duba kaushi a faifai ko a ƙugiya, a kuma ja zaren da hannu, domin zaren auduga da ya daɗe a kanti cikin zafi yana ruɓewa. In yadi ya ƙi tafiya, a kwance sukurori biyun faifai a share audugar da ta cushe tsakanin haƙora da tsohon buroshin haƙori. Ɗan sukurun da ke jikin ƙoshiya kuwa a hana yaro taɓa shi. Gwajinsa shi ne a rataye ƙoshiya da zarenta: ta tsaya, in an ɗan girgiza hannu ta sauka kaɗan ta sake tsayawa. In haka take, lafiya lau.

Lambar allura tana bin yadi: 11 ga mai laushi irin na kallabi, 14 ga atamfa da yadin makaranta, 16 ga kaki da shadda mai kauri da jins. Tsawon ɗinki na yau da kullum wajen milimita 2 da rabi ne. A ƙara shi zuwa 4 in ana son ɗinkin gwaji da za a warware.

Daga mako na huɗu a fara abin da gida zai yi amfani da shi, domin yaro ba ya daɗewa a kan tsumma. Kalmasar zanen mahaifiyarsa ita ce farko, layi ne miƙaƙƙe kuma za a ɗaura a fita da shi. A wanke sabon yadin auduga a goge shi kafin a yanka, yana shiga ruwa ya ragu. Rigar filo ta biyo baya: ga filo mai santimita 50 da 70, a yanka faɗi 53 tsawo 165, a kalmashe gajerun bakin biyu, a ninka a bar 20 ya shige ciki ya zama murfi, a ɗinke gefe biyu da rata 1 da rabi. Atamfa yadi biyu tana ba da guda biyu. Jakar littattafai a kaki: faɗi 38 tsawo 86, hannuwa biyu kowanne 8 da 60 a ninka huɗu, a ɗinka gindin kowane hannu murabba'i da giciye a ciki don kada nauyin littattafai ya fizge shi. Gidan sauro ma lokacinsa ne, Agusta da Satumba ake fama da zazzaɓin cizon sauro. Ƙananan ramuka da hannu ake kama su, amma inda ɗinkin gefe ya farke keke ya fi, a shimfiɗa takarda a ƙasa don kada ragar ta nutse cikin ramin faifai, a yage ta bayan an gama.

A watan Satumba mai himma zai kai ga wando mai zariya ko siket mai roba. Hanya mafi sauƙi ita ce a farke tsohon da ya yi wa ƙane daidai, a goge shi, a shimfiɗa a kan sabon yadi a zana da alli. Ƙubaka ta fi robar faɗi da santimita 1, robar kuma ta gaza ƙugu da kamar santimita 4. Wajen hantsa ne ake kuskure, a ɗinka shi sau biyu. Riga mai wuya da hannu ba aikin hutun farko ba ce, kuma kayan makaranta na shiga aji a bar wa tela a bana. Yanka ilimi ne daban da ɗinki, keke ba ya koyar da shi. In akwai tela a unguwa da zai yarda yaro ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako ya ga yadda ake awo da yanka, a gaishe shi a nemi alfarmar, a kuma yi masa ihsani.

Abin da wannan keke ba ya yi shi ma a san shi kafin a biya. Ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi. Ba ya kama bakin yadi don hana zarewa, ba ya gidan maɓalli, ba ya surfani, kuma yadi mai miƙewa irin na rigunan ƙwallo da wasu hijabai yana ba shi wahala, ɗinkin ya tsallake ko ya tsinke in an ja. Zarewar baki ana maganinta da ɗinki biyu: a haɗa yadin fuskarsa a waje a ɗinka da rabin santimita, a juya a goge, a sake ɗinkawa da santimita 1, bakin ya shige ciki. Ga atamfa wannan ya fi ƙarko ma. Gidan maɓalli kuwa a kai kasuwa ko a yi da hannu. Wanda burinsa leshi da kayan biki ne, wannan ba kekensa ba ne. Yana kuma cin wuri, tsawon teburinsa kusan mita ɗaya ban da kujera, gidan haya mai ɗaki ɗaya sai an yi shawara. Akwai mai mariƙin juyawa da hannu wanda ake ɗorawa a kan tabarma ko ƙaramin tebur, kansu ɗaya, sai dai hannu guda ne ya rage wa yadi.

Gidan da ke da masu rarrafe da ƴan shekara uku ko huɗu ya kula ƙwarai. Babban wilin ƙasa yana jan hankalinsu, yana kuma iya matse yatsa tsakaninsa da igiya ko ƙarfen da ke haɗa shi da feda. Duk wanda ya tashi daga keken ya zame igiyar daga babban wili, ya sauke ƙafar danni a kan ƙyalle, ya sa allura ƙasa, ya rufe. A ajiye ɗan maganaɗisu a aljihun tebur, na tsohuwar lasifikar rediyo ma ya isa, a bi daɓe da shi bayan kowane aiki, musamman in allura ta karye, a tabbata an ga guntayen duka biyu. Karyayyu a tara su a kwalba mai murfi, kada a zuba a shara inda awaki da yara ke tonawa.

In an koma makaranta keken zai rage aiki, daidai lokacin da damina ke wucewa ƙurar hunturu ke tafe. A share haƙora, a zuba mai ko'ina, a shafa ɗan mai a faifai da sandar allura, a sassauta igiya don kada ta zauna a miƙe. Fata tana bushewa ta tsage a iskar Disamba da Janairu, a shafa mata man kaɗanya kaɗan a goge sosai, in ya yi yawa za ta riƙa santsi. Ko ba ɗinki, a riƙa juya keken na ƴan mintoci ranar Asabar ko Lahadi don mai ya zagaya, gyaran tsagar wando da kalmasar kallabi kuma a daina kai su waje, a riƙa ajiye wa mai keken.